Alƙawarin 1776: Yadda Amurka Ta Yi Wa Naƙasassun Sojojinta Kafin Ta Biya Su

1/ Jama'a ku matso, yau akwai magana. Tun shekaranjiya wani hoto ke yawo: tsohon sojan Amurka a keken guragu ana sara masa, a ƙasa an rubuta wai su tun ranar da suka kafa ƙasarsu ba su taɓa wulaƙanta sojan da ya ji rauni ba. Kowa sai yaɗawa yake. To wallahi ba haka ba ne. Ku ba ni minti goma.

2/ Kafin wani ya zaburo: ba gwamnatinmu nake karewa ba. Abin da ake yi wa 'yan mazan jiya a nan kowa ya sani. Amma idan ka gina hujjarka a kan ƙarya, ranar da aka tona ta, har gaskiyar da ke tare da ita sai ta zube. Kuma ainihin labarin ya fi waccan tatsuniyar amfani a gare mu nesa ba kusa ba.

3/ A fara daga inda masu hoton suke da gaskiya. Ranar 26 ga Agusta 1776, ko wata biyu ba a yi ba da shelar 'yancin kai, majalisar da ke jagorantar yaƙi da Ingila ta yanke cewa duk sojan da ya rasa hannu ko ƙafa, ko ya naƙasa har ya kasa neman abinci, za a riƙa ba shi rabin albashinsa muddin naƙasar tana nan.

4/ A takarda abin gwanin sha'awa. Amma ku dubi lokacin. Washegari, 27 ga Agusta, aka gwabza a Long Island, Ingila ta yi wa rundunar George Washington raga-raga. Mutane ake nema ido rufe su shiga soja. Wannan alƙawarin talla ne na ɗaukar kurata kafin ya zama tausayi.

5/ Ga kuma inda gizo ke saƙar. Majalisar ba ta da ikon karɓar haraji ko na sisi. Sai ta ce jihohi su biya, daga baya a yi lissafi. Wato mai alƙawari daban, mai biya daban. Wata jiha ta biya, wata ta biya rabi da rabi, wata ta yi kunnen ƙashi. Fanshonka ya dogara da inda Allah Ya jefa ka.

6/ Rabin albashin ma nawa ne? Ƙaramin soja dala 6 da kashi biyu cikin uku yake samu a wata. Raba biyu, dala 3 da 'yan kai. Kuma kuɗin takarda ne da majalisar ke bugawa ba ƙaƙƙautawa, wanda zuwa 1781 ya zama kamar ganyen bishiya, 'yan kasuwa ba sa karɓa.

7/ Yanzu ku ga yadda ake yi wa manya. Hafsoshi suka fara barazanar ajiye aiki. A Mayun 1778 aka ce duk hafsan da ya tsaya har ƙarshen yaƙi yana da rabin albashi na shekara 7. Ƙaramin soja fa? Dala 80, sau ɗaya, shi ke nan. A Oktoban 1780 aka mayar da na hafsoshi na tsawon rai.

8/ Lura da kyau: wannan na hafsa lafiyayye ne, mai hannu biyu da ƙafa biyu. Ba sai ya ji ko ƙwarzane ba.

9/ A 1780 ɗin kuma aka yi tanadi wa matan da mazansu suka mutu a yaƙi da marayunsu, rabin albashi na shekara 7. Matan wa? Matan hafsoshi. Matar kurtun da harsashi ya kashe a sahun gaba, ita sai dai ta rungumi 'ya'yanta ta nemi dangi.

10/ Maris 1783, yaƙi ya zo ƙarshe. Runduna na sansani a Newburgh, jihar New York, ba albashi wata da watanni. Wasiƙa marar sa hannu ta fara zagayawa tsakanin hafsoshi, tana zuga su kada su ajiye makami sai an biya su. Ƙamshin juyin mulki ne ƙarara.

11/ Ranar 15 ga Maris Washington ya shigo taronsu ba zato. Ya yi jawabi, bai ratsa su sosai ba. Sai ya ɗauko wata wasiƙa zai karanta, ya kasa gani, ya laluba aljihu ya fito da tabarau, ya nemi afuwa cewa a hidimar ƙasa ya yi furfura, ga shi ido ma yana tafiya. Wasu suka fashe da kuka. Maganar tawaye ta mutu a nan.

12/ Wannan ɓangaren kowa na son ba da shi, don yana da daɗi. Abin da ba a cika faɗa ba: mako guda bayan nan, 22 ga Maris, majalisa ta amince a ba hafsoshi cikakken albashin shekara 5 a madadin rabin albashi na tsawon rai, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin ɗari. Tabarau ya sa kuka, amma tsoron bindiga ne ya motsa majalisa.

13/ Ƙananan sojoji kuwa a watan Yuni aka sallame su da sunan hutu, aka danƙa musu takardun albashin wata uku. Takarda fa, ba kuɗi ba. Mutum na da tafiyar kwanaki a ƙafa zuwa gida, ba guzuri, takalmi ya mutu. Me zai yi? Ya sayar da takardar a bakin hanya a wulaƙance.

14/ A watan nan dai sojoji kusan 400 suka yi wa ginin majalisa ƙawanya a Filadelfiya suna neman haƙƙinsu. Me 'yan majalisa suka yi? Suka tattara komatsansu suka gudu Princeton. Majalisar ƙasa guda ta bar gari don kada ta haɗa ido da waɗanda take riƙe wa kuɗi.

15/ A 1785 aka sake tsara fanshon naƙasassu: hafsa rabin albashi, ƙaramin soja bai wuce dala 5 a wata ba, ita ma sai in naƙasar ta cika, in ba ta cika ba a rage. Har yanzu jihohi ne masu biya. Ku riƙe dala 5 ɗin nan, za mu dawo kanta.

16/ Akwai wani kyaftin, Daniel Shays, manomi a Massachusetts. Ya yi yaƙin Bunker Hill, ya yi na Saratoga. Janar Lafayette na Faransa ya ba shi takobi na girmamawa. Bashi ya sa ya sayar da takobin. Ya dawo gida ba a biya shi ba, ga masu bin bashi suna jan manoma kotu ana ƙwace gonaki.

17/ A 1786 shi da manoma, da yawansu tsofaffin sojoji, suka fara hana kotuna zama. Janairun 1787 suka nufi rumbun makamai na Springfield, aka buɗe musu wuta da igwa, mutum huɗu suka mutu. Shekara huɗu kacal da gama yaƙin 'yanci. Su ne "ba su taɓa wulaƙanta soja ba" ɗin?

18/ To, sabon kundin tsarin mulki ya zo, gwamnatin tarayya ta samu ikon haraji. A Satumban 1789 ta karɓi biyan fanshon naƙasassu daga hannun jihohi. Wannan ci gaba ne, ba na musu. Sai dai na shekara ɗaya aka yi dokar, ana sabuntawa. Wanda ya rasa ƙafa har abada, fanshonsa na wucin gadi.

19/ Nan ne wani zai ce min: "Malam, ƙasar sabuwa ce, ba kuɗi." Na yarda baitulmali a bushe yake. Amma mu duba 1790, mu ga da kuɗi suka samu wa aka fara tunawa.

20/ Alexander Hamilton, sakataren baitulmali, ya kawo tsarin biyan bashin yaƙi gaba ɗaya a kan cikakkiyar darajarsa. Har da takardun nan da aka ba sojoji. Matsalar ita ce yawancinsu sun bar hannun sojoji tuntuni. 'Yan baranda sun saye su a ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

21/ James Madison ya miƙe a majalisa ya ce a raba: wanda ya saya a ba shi farashin kasuwa, ragowar a mayar wa mai takardar na asali. Aka kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 1790, 36 suka ƙi, 13 suka yarda. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

22/ Hamilton yana da hujjarsa, kada in zalunce shi. Ya ce in gwamnati ta fara bambanta mai saye da mai sayarwa, ba wanda zai sake yarda da takardarta, kuma gano masu asali zai yi wuya. Na ji. Amma ma'anarsa ita ce amanar mai ba da rance ta fi amanar mai ba da jini nauyi. Zaɓi suka yi, ba rashi ba ne kawai.

23/ Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ni haushi, wanda 'yan ajin shari'a suka sani amma ta wata fuska daban. Maris 1792 aka yi sabuwar dokar fanshon naƙasassu. Ta ce tsohon soja ya je gaban kotun tarayya mai zagayawa, irin tafi-da-gidanka, alƙalai su duba rauninsa su ƙayyade abin da ya cancanta.

24/ Daga nan sunansa ya tafi wurin sakataren yaƙi, Henry Knox. In Knox ya yi zargin akwai kuskure ko maguɗi, yana iya riƙe sunan ya kai wa majalisa. A lokacin alƙalan kotun ƙoli su ne ke zagayawa suna zama a waɗannan kotuna.

25/ Wani tsohon soja mai suna William Hayburn ya kawo takardarsa kotun Pennsylvania a Afrilun 1792. Alƙalai suka ce ba za su saurara ba. Dalili: wannan ba aikin shari'a ba ne, kuma ba zai yiwu alƙali ya yanke hukunci wani ɗan majalisar zartarwa ya zo ya soke ba. Suka rubuta wa shugaba Washington wasiƙa.

26/ Biyar daga cikin alƙalan kotun ƙoli shida sun nuna irin wannan adawa. A New York, su John Jay suka nemi mafita: ba za mu yi a matsayin alƙalai ba, amma za mu yi a matsayin kwamishinoni, don tausayin mutanen. Antoni janar Edmund Randolph ya garzaya kotun ƙoli a kan batun Hayburn. Kotu ta ɗage zuwa zama na gaba.

27/ Ba ta taɓa yanke hukuncin ba, don majalisa ta canza dokar a Fabrairun 1793. Yau sunan Hayburn yana cikin littattafan shari'a a matsayin tubalin raba iko tsakanin kotu da gwamnati, shekara 11 kafin shari'ar Marbury da Madison. Ana haddace sunansa don cin jarrabawa. Shi kuwa fansho ya zo nema.

28/ Ban ce alƙalan sun yi kuskure a shari'ance ba. Ƙila ma daidai suka yi. Abin da nake cewa: manya uku, majalisa da kotu da fadar shugaba, suna jayayya a kan girman kujerunsu, naƙasasshe na tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu. Duk wanda ya taɓa raka tsoho ofishin fansho ya san wannan tsayuwar.

29/ Waɗanda "kwamishinonin" suka amince wa ma ba su tsira ba. An ɗauki wani Yale Todd na Connecticut aka yi gwaji da shi: gwamnati ta kai shi ƙara tana neman kuɗin da ta riga ta biya shi. A 1794 kotun ƙoli ta ba gwamnati gaskiya. Tausayin alƙalai ya tashi a banza.

30/ Dokar 1793 kuwa ku ji sharuɗɗanta. Rantsuwar kwamandanka ko shaidu biyu cewa a bakin aiki ka ji raunin. Likitoci biyu su duba ka. Mutum uku masu mallakar ƙasa a garinku su shaida yadda kake rayuwa. Sannan ka kawo gamsasshen dalilin da ya hana ka nema tun da farko. Shekara goma bayan yaƙi. Kwamandan ya mutu fa? Shaidun sun yi ƙaura fa?

31/ Mafi muni: dole naƙasar ta kasance daga rauni sananne. Cuta ba ta ciki. Alhali a yaƙin nan cuta ta fi harsashi kisa. A sansanin Valley Forge kaɗai, hunturun 1777 zuwa 1778, kusan mutum 2,000 suka mutu ba tare da an gwabza ba: zazzaɓi, atini, ciwon huhu, ga yunwa ga sanyi.

32/ Wato wanda ya fito daga can huhu a lalace, ko sanyin ƙashi ya nannaɗe shi, a idon doka lafiyarsa ƙalau. Ba tabon harsashi, ba fansho.

33/ Sai kuma ƙaddara ta ƙara nata. Nuwamban 1800 gobara ta cinye ofishin ma'aikatar yaƙi a Washington, takardun fansho da na aikin soja suka ƙone. A 1814 sojojin Birtaniya suka banka wa birnin wuta. Fayil ya ɓata a hannun gwamnati, amma nauyin kawo hujja yana wuyan tsoho.

34/ Bari in ɗan ratse, don mata su ma suna cikin labarin. Margaret Corbin ta bi mijinta yaƙi. A Fort Washington, Nuwamban 1776, aka kashe shi a bakin igwa, ta karɓi wurinsa ta ci gaba da ɗurawa har aka harbe ta a hannu da ƙirji da muƙamuƙi. Hannunta na hagu bai sake aiki ba.

35/ Sai a Yulin 1779 majalisa ta ba ta rabin albashin soja da tufafi saiti ɗaya. Ita ce mace ta farko da ta samu fanshon soja a ƙasar. Kusan shekara uku tana jira da hannu ɗaya.

36/ Deborah Sampson ta yi shigar maza ta shiga soja da sunan Robert Shurtliff, aka harbe ta a cinya, aka sallame ta a 1783. Sai da Paul Revere, mutumin da ake ji da shi, ya rubuta wasiƙa a madadinta a 1804, sannan a 1805 aka sa ta a jerin naƙasassu. Dala 4 a wata. Shekara 22, kuma sai da aka samu mai ƙafa. Ashe hanya ba a nan aka ƙirƙiro ta ba.

37/ Kun tuna dala 5 ɗin 1785? Ba a taɓa ta ba sai 1816, aka mayar da ita 8. Shekara 31 a wuri ɗaya.

38/ Disamban 1817 shugaba James Monroe, wanda shi kansa an harbe shi a kafaɗa a yaƙin Trenton, ya roƙi majalisa ta tuna da ragowar tsofaffin. Baitulmali na da rara, ƙasa na cikin shauƙin kishin ƙasa bayan yaƙin 1812. Maris 1818 aka yi doka: wanda ya yi wata 9 a rundunar ƙasa kuma yana cikin talauci, dala 8 a wata, hafsa dala 20.

39/ Shekara 35 bayan gama yaƙi. Kuma 'yan sa-kai na jihohi ba sa ciki. Kuma in kana karɓar fanshon naƙasa, sai ka sallama shi kafin a ba ka wannan.

40/ 'Yan majalisa sun yi lissafin 'yan dubbai kaɗan ne suka rage, abin ba zai ci kuɗi ba. A gaskiya lissafin mutuwa suka yi. Sai ga takardu fiye da 20,000. A 1819 tattalin arziki ya durƙushe. Nan take waƙa ta canza: jaruman jiya suka koma 'yan damfara a bakin jaridu da 'yan siyasa.

41/ An samu maguɗi? An samu. Akwai masu hali da suka yi rantsuwar talauci. Ba na ɓoyewa. Amma dubi maganin: dokar Mayun 1820 ta dakatar da biyan KOWA, har sai ya je kotu a bainar jama'a ya lissafa duk abin da ya mallaka, ban da tufafi da shimfiɗa, kotu ta yi masa kuɗi, a aika wa sakataren yaƙi John Calhoun ya ga ko talaucin ya isa.

42/ Tantancewa kenan. Kalmar nan da ke sa gaban kowane ɗan fansho faɗuwa. Tsoho ɗan shekara 65 ya tsaya gaban maƙwabtansa yana ƙirga tukwane da cokula da kujerun da suka karye. Dubbai aka cire daga jerin. Wasu kunya ta hana su zuwa. Sai a 1823 aka buɗe ƙofar mayar da waɗanda suka ƙara talaucewa. Wato je ka ƙarasa tsiyacewa ka dawo.

43/ Mutum ɗaya ya isa misali. Joseph Plumb Martin ya shiga soja yana ɗan shekara 15 a 1776, ya yi kusan shekara bakwai, har da Valley Forge da Yorktown. Bayan yaƙi ya koma Maine ya share daji ya yi gona eka 100. Sai wani babban mutum ya ce duk yankin nasa ne, a biya dala 170. Martin ya kasa.

44/ Wane ne babban mutumin? Henry Knox. E, shi dai, janar ɗinsu, sakataren yaƙi, mai duba sunayen naƙasassu ko akwai maguɗi. Ni da na karanta wannan sai da na ajiye waya na ɗan zaga.

45/ A tantancewar 1820 dukiyar Martin gaba ɗaya dala 52 aka yi mata kuɗi: shanu biyu, tumaki shida, alade ɗaya, da 'yan tarkace. Ya tsallake, ya ci gaba da karɓar dala 96 a shekara. A 1830 ya fitar da littafin abin da ya gani a yaƙi, kuma bai ɓoye ɗacin yadda aka ci moriyar ganga aka yada kwaurenta ba. Yau malaman tarihi ba su da shaidar ƙaramin soja da ta fi tasa.

46/ Sai a Yunin 1832 aka yi dokar da za a iya kira ta mutunci: shekara biyu na aiki, cikakken albashi har mutuwa, wata shida zuwa sama, gwargwado, 'yan sa-kai sun shiga, ba sai ka rantse kai matalauci ne ba. Shekara 49 bayan yaƙi. Wanda ya shiga yana da 20 a 1776, yanzu yana da 76. Nawa suka kai? An yi karamci lokacin da karamci ya yi arha.

47/ Ko a nan ma ba kowa ba. Jehu Grant bawa ne baƙar fata a Rhode Island. Ubangidansa na goyon bayan Ingila, sai ya gudu ya shiga aikin jigilar kayan rundunar 'yanci, ya yi watanni yana tuƙa amalanke, har ubangidan ya gano shi ya mayar da shi. Daga baya ya samu 'yancinsa.

48/ A 1832 ya nemi fansho, tsoho, makaho. Aka hana shi, aka kafa hujja da cewa lokacin da ya yi aikin shi gudajjen bawa ne. A yaƙin da aka yi da sunan 'yanci. Ya sake rubutawa a 1836, aka sake hana shi. Wanda ya yi hoton nan da ke yawo, don Allah ya karanta wannan sau biyu.

49/ To me ya sa na dame ku da mutanen da suka mutu shekara 200 da suka wuce? Saboda tatsuniyar tana kashe zuciya. In ka yarda su can haka Allah Ya halicce su da tausayin soja, sai ka yarda mu kuma haka aka halicce mu da rashinsa, ka yi tsaki ka wuce. Alhali kowace dala a labarin nan sai da aka ƙwato ta.

50/ Da koke a rubuce, shekara bayan shekara. Da ƙawanya a Filadelfiya. Da ƙungiya: hafsoshi sun kafa tasu tun 1783, shi ya sa kullum nasu ke fara fitowa. Da littafin Martin. Da ƙuri'a, don tsofaffin nan da 'ya'yansu masu zaɓe ne, 'yan siyasa kuma sun iya ƙirga.

51/ Mu ma a Afirka ta Yamma mun san irinsa. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 a Accra, tsofaffin sojojin da suka yi wa Birtaniya yaƙin duniya na biyu suka yi tattaki zuwa fadar gwamna da takardar koke a kan haƙƙoƙinsu. Aka harbe uku: Saja Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Shekara tara bayan nan Ghana ta samu 'yanci. Kakanninmu da suka je Burma a runduna ta 81 da ta 82 abokan yaƙinsu ne.

52/ Abu ɗaya da zan yaba wa Amurka ba tare da na haɗiye yawu ba: ta ajiye takardun. Fayil kusan 80,000 na fansho da filayen sojojin wancan yaƙin suna ma'ajiyar tarihinta, har da na waɗanda aka hana. Shi ya sa na san sunan Jehu Grant. Ƙasar da ta zalunce shi ita ta adana shaidar zaluncin.

53/ Akwai wani tsoho a layinmu, ƙafarsa ɗaya ta tafi tun yaƙin basasa. Muna yara muna kwaikwayon tafiyarsa, Allah Ya yafe mana. Sau biyu na raka shi tantancewa don ba ya gani sosai. A tafiya ta biyu aka ce hotonsa bai fito da kyau ba, ya dawo wani mako. Ya yi dariya ya ce min ƙafar dai ba ta tsiro ba tun zuwan farko.

54/ Masu cewa "ai shi ya zaɓi aikin soja, ya san da haɗari": e, ya zaɓa, bisa sharaɗi. Ya kawo nasa kason, ga shi nan a jikinsa kowa na gani. Fansho ba sadaka ba ce, ragowar kuɗin ciniki ne. Kuma yaran da ke daji yanzu a Borno da Zamfara suna kallon yadda ake yi wa wanda ya dawo da sanda.

55/ Ranar 15 ga Janairu za a sake sa fure a saki farar tattabara a Abuja. Ba laifi. Amma a birnin nan dai mun ga tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi suna neman haƙƙinsu. Maimakon hoton sojan Amurka, a wannan ranar ina so in ga kun tambayi ɗan majalisarku abu uku: sojoji nawa suka naƙasa a yaƙin arewa maso gabas, nawa ake ba kowannensu a wata, kuma wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba tabo a jiki yana cikin lissafin ko kuwa dokar 1793 muke bi?

56/ Af, na manta. Tsohon soja na ƙarshe mai karɓar fansho daga yaƙin 'yancin Amurka, Daniel Bakeman, ya kasa kawo takardar shaidar aikinsa, sai da majalisa ta yi masa doka ta musamman a 1867, dala 500 a shekara. Shekarunsa sun haura 100 a lokacin. Ya ci ta shekara biyu, ya rasu a 1869.